Raddi Ga Masu Cewa Hayaƙi Ba Ya Kisa

Ya ku malamai da almajirai, ku sani wata mummunar al'ada ta shigo makarantunmu, ita ce hura wutar karatun dare da tsohuwar taya da leda da tarkacen juji. Yara su kewaye ta da allunansu, suna karatu suna tari, malam kuwa yana zaure, ya ce hunturu ne.

Idan an yi magana sai wani ya ce, ai kakanninmu a bakin wuta suka haddace. Sai mu ce masa, wutarsu ta kara ce da ƙirare, a fili, iska tana kwashewa. Wane gwani ne a cikinsu ya taɓa shaƙar baƙin hayaƙin roba? Kuma ko na itacen ba a wanke shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin girki da na ɗumama ɗaki ya kashe mutum kamar miliyan 3.2 a shekarar 2020, sama da dubu 237 a cikinsu yara ne da ba su cika shekara 5 ba.

Wani kuma ya ce, ni ban ga kome a iska ba. To, ido ba shi ne ma'auni ba. Abin da masu awo suke aunawa ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, sai an jera kamar 30 kafin su kai kaurin silin gashi. Babbar ƙura hanci yana tare ta, a fyace. Waɗannan kuwa sukan zarce har ƙarshen huhu, mafi ƙanƙanta su shiga jini, daga nan fuka da ciwon huhu da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 2021 hukumar ta sa haddi: a ɗauki iska mita guda tsawo da faɗi da tsayi, kada ƙwayoyin su wuce maikirogiram 15 a lissafin yini, ko 5 a lissafin shekara. Maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Ɗakin da ake hura wuta babu taga yana iya ninka haddin sau 100. Balle a hunturu, da ƙurar Bodele ta ƙasar Chadi ta riga ta cika ƙirji.

Mai ganin ƙari muke yi, ya tambayi mutanen Landan. A Disamba 1952 hayaƙin kwal ya zauna musu kwana 5, aka ƙirga gawa kamar 4,000, masu bincike daga baya suka ce ta kai 12,000. Sai 1956 suka yi doka, bayan an gama binnewa.

Saura kaskon gawayi da ake shigar wa yara ɗaki a rufe ƙofa saboda sanyi, da janareto a bakin taga. Iskar da suke fitarwa ba ta da launi, ba ta da wari, barci take sawa. In an wayi gari yaro bai tashi ba, sai ka ji ana neman mayya a unguwa, kaskon kuwa yana nan tsakar ɗaki da tokarsa.