Hattara Da Ɓarawon Da Ke Cikin Kwamfuta

Manomin albasa a Aliero ya san ruɓaɓɓiya ɗaya ta isa ta lalata buhu. To haka lamarin kwamfutar tarayya yake, ko ta makaranta ko ta shagon buga takardu. Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, ɗaliban wannan yanki, har da na Jega da Maiyama, ke bin layi a kan irin waɗannan na'urori don rajista da aikin makaranta.

Sai wani ya zauna ya sauko da fim, ko wasa, ko manhajar kuɗi da aka fasa ake rabawa kyauta. Ya manta banza ba ta kai zomo kasuwa. Sau da yawa a cikin irin wannan kyauta ake cusa manhajar leƙen asiri. Ba ta motsi, ba ta ƙara. Aikinta kawai ta haddace duk harafin da aka danna, ta kwashe kalmomin sirri, ta aika wa maigidanta. Shi ya tashi ya tafi abinsa, wanda ya zauna bayansa shi ke kwana ciki.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A Nuwamban 2020, 'yan sandan duniya na Interpol da na Nijeriya suka kama mutum uku a Legas bisa zargin damfara da irin waɗannan manhajoji, cikinsu har da Agent Tesla, kuma ɓarnar ta shafi ƙasashe fiye da 150. Ga shi tun 2024 ɗalibin da ke neman bashin karatu na NELFUND sai ya shigar da lambobinsa na BVN da NIN. Ina amfanin ɗan talaka ya je neman bashi, ya miƙa wa ɓarawo sirrinsa?

Saboda haka wajibi ne 'yan uwa matasa su farka. Kada ɗan uwa ya sa wata manhaja a kwamfutar da ba tasa ba. Kada ya buɗe asusun banki a kanta. In ya shiga imel, ya fita kafin ya tashi, ya sauya kalmar sirrin daga wayarsa. Filas kuwa a bincike shi kafin a buɗe, don shi ne dillalin cutar. Masu kula da na'urorin su ma su riƙa sabunta manhajar rigakafi, su toshe ƙofar ɗora sabon abu.

Kayan jama'a amana ne. Wanda ya jawo wa ɗan uwansa asara da sakaci, "ban sani ba" ba za ta wanke shi ba. Allah Ya ganar da matasa.