Wuƙar Soja a Gidan Farar Hula: Fa'idodi da Illoli

Ranar Babbar Sallar bara, da muka sauko daga idi, mahaucin da ya saba yi mana fiɗa a nan Gyadi-Gyadi ya iso da wuƙaƙensa uku naɗe cikin tsumma. Ni kuwa na shiga ɗaki na ɗauko tawa, wadda yayana ya kawo mini tsaraba shekarun baya, irin wadda yara ke kira wuƙar soja, wasu kuma su ce wuƙar Rambo. Ya karɓa, ya jinjina ta a tafin hannu, ya goga kaifin a farcen babban yatsansa, sannan ya juyo mini da ƙotar. "Malam, wannan ƙarfe ne na gaske," in ji shi, "amma ba ta fiɗa ba ce. Bayanta ya yi kauri, tsininta kuma zai huda mini fata." Ya zaro tasa, siririya mai ɗan lanƙwasa, ƙirar maƙeran gida, ya shiga aiki. Sai da aka zo raba gaɓoɓi da tsinke igiyar rataya da feƙe itacen gashi ya waiwayo ya ce in ara masa ta sojan.

Abin da ya faɗa shi ne gaskiyar wannan wuƙa. Tana iya aiki iri-iri, amma da wuya ka sami aiki ɗaya da ta fi kowace wuƙa iyawa. Haka ma aka nufe ta tun asali. Wadda ta fi shahara a irinta ita ce KA-BAR, wadda wani sashe na mayaƙan ruwan Amurka ya ɗauka a watan Nuwamban 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Wuƙaƙen da suke riƙewa kafin nan na suka ne kawai, ba sa buɗe gwangwani, ba sa yanka waya, ba sa tonon ƙasa, alhali soja ya fi buƙatar waɗannan a kullum. Sai aka ƙera wadda ruwanta ya kai inci 7, ƙarfen ya zarce ta cikin ƙota har gindi, ita kuma ƙotar faya-fayan fata ce aka jera aka matse. Ba ta naɗewa, ba ta da mahaɗi, a kube take kwana. Wuƙaƙen soja da yawa da za ka gani a kasuwa yau, na gaske ko na kwaikwayo, daga irin wannan ƙira suka ɗebo.

Fa'idarta ta farko ƙwari ne. Wuƙa mai naɗewa tana da ƙusa a tsakiya, kuma ran da aka matsa mata, nan take karyewa ko ta rufe a kan yatsun mai ita. Wannan ba ta da wurin da za ta ba da kai. Mai gona a bayan gari, ko mai kiwo, ko direban da ke doguwar tafiya daga tashar Unguwa Uku, zai gane abin da nake nufi. Da ita za ka yanka igiya, ka tsaga itace ka hura wuta, ka sassabe ƙaya, ka yanka robar ban ruwa, in kuma tunkiya ta faɗi tana neman mutuwa a gona, ka yanka ta kafin ta zama mushe. Na taɓa ganin wannan na ƙarshe da idona, kuma ran nan da babu wuƙa mai kaifi a kusa, da an yi asarar dabba guda. Tana kuma da ɗan ƙarfe tsakanin ƙota da ruwa wanda ke tare hannu kada ya zame kan kaifi idan jini ko gumi ya jiƙa shi. Wuƙaƙenmu na gida da yawa ba su da wannan.

Wankinta ma ya fi sauƙi, don babu lungun da jini da kitse za su maƙale su ruɓe. Kuma in aka kula da ita, ana gadonta.

Sai dai kulawar ba ƙaramin aiki ba ce, kuma nan ne yawancin masu saye ke gazawa. Ƙarfen da ake yin ta gaske da shi, wanda ake kira 1095, yana ɗaukar kaifi sosai kuma yana wasuwa cikin sauƙi, amma ba ya jure laima. Shekarar farko da na yi layya da tawa, na ɗauraye ta sama-sama na mayar cikin kube. Damina ce, Agusta ya shigo da ruwansa. Da na zaro ta bayan makonni, tsatsa ta yi mata ɗigo-ɗigo ja tun daga tsini har wuya, wasu wuraren har sun ci rami. Laifina ne, don fata tana riƙe laima, jini kuma yana cin ƙarfe. Tun daga ranar na koyi wanke ta da ruwa da sabulu, in tsane ta ƙaƙas da busasshen ƙyalle, in shafa mata mai kaɗan, in kuma ajiya ce mai tsawo, in naɗe ta a tsumma daban, kuben ma daban. Wanda zai taɓa nama da ita kada ya shafa mata baƙin mai na inji. Man girki ya isa, sai dai a riƙa gogewa ana sabuntawa don yana yin danƙo. Hunturu kuma da tasa ɓarnar: yana busar da fatar ƙota da ta kube har su tsattsage, sai an ɗan shafa musu mai su ma.

Akwai kuma batun wasawa. Ana gobe Sallah za ka ga layi wajen masu injin wasa wuƙa, tartsatsi na tashi. Ga wuƙar kicin ta yau da kullum babu damuwa sosai, amma injin nan yana zafafa bakin ƙarfe, kuma da zarar ka ga bakin ya koma shuɗi-shuɗi, to taurinsa ya tafi, kaifin ba zai ƙara daɗewa ba. Dutse da ruwa da haƙuri su ne maganinta: a kwantar da ita kaɗan, a ja ta gefe-gefe daidai wa daida, a ƙarasa da goga ta a kan fata. Addini ma bai bar wannan ba. A cikin Arba'una Hadisi akwai wanda ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa don ya hutar da dabbar, saboda haka dakusasshiyar wuƙa a ranar layya ba ƙaramin sakaci ba ne.

Kafin ma a kai nan, sai an sami ta gaske. Da yawa daga cikin waɗanda ake shimfiɗawa a kasuwa, masu haƙora a baya da baƙin fenti da ƙota mai rami, kwaikwayon wuƙar fim ne. Fim ɗin Rambo na farko ya fito a 1982, kuma tun daga lokacin siffar ta shiga ran samari. A irin waɗannan, ƙarfen yakan tsaya a bakin ƙota, ɗan dunƙule ne kawai ya riƙe shi, sara ɗaya mai ƙarfi sai ruwan ya fita ya bar ka da roba a hannu. Maƙerin da ke Kurmi, wanda zai ƙera maka wuƙa da ƙarfen sifirin ɗin mota, baduku kuma ya ɗinka mata kube, ya fi waɗannan amana nesa ba kusa ba, kuɗinka kuma ya tsaya a gida.

Duk wannan lissafin kuɗi ne da wahala. Illar da ta fi damuna tana farawa ne daga lokacin da wuƙar ta fita ƙofar gida a ƙugun mutum.

Ba wanda ke zaune a Tarauni da sai an ba shi labarin ƙwacen waya da faɗan daba. Mun san yadda mutum ke sa wayarsa can cikin aljihu idan zai bi wani lungu bayan magariba, mun san yadda uwa ke kasa zama sai ɗanta ya dawo daga Zoo Road. Abin ya kai har a watan Mayun 2023 majalisar tsaro ta Jihar Kano ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. Shi kuwa fashi da makami, a dokar tarayya ta 1984, hukuncinsa kisa ne, kuma makami a dokar bai tsaya ga bindiga ba, wuƙa da adda suna ciki. A irin wannan yanayi ne saurayi mai hankali, wanda bai taɓa ƙwace wa kowa komai ba, zai ce maka shi ma zai riƙe wuƙa don kare kansa.

Na fahimci tsoronsa, don ni ma ina da shi. Amma ban yarda da maganin ba. Masu ƙwace ba sa zuwa ɗaya-ɗaya, ba sa kuma sallama. Kafin ka ɗaga riga ka ɓalle maɓallin kube, an riga an kewaye ka. In ka zaro, abin da zai tsaya a asarar waya ya koma batun rai, naka ko na wani, wataƙila ma da wuƙar taka za a yi. In kuma ba ka haɗu da su ba, to ka haɗu da 'yan sanda ko 'yan sintiri a wani shinge da dare, su laluba su sami wuƙa mai inci 7 a ƙugunka. Me za ka ce? Siffarta kaɗai ta isa ta sa a jera ka da masu barandami da gariyo, kuma fitar da kai daga wannan layi ba aikin kwana ɗaya ba ne ga iyayenka. Ba mu kaɗai ke tsananta wannan ba. A Ingila, fita da wuƙar da ba ta naɗewa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba laifi ne da zai iya kai mutum ɗaurin shekara 4.

Wanda ya fi wannan yawan faruwa kuwa ba ya ma buƙatar ɓarawo. Gardamar ƙwallo ce a majalisa, ko rikicin canji da mai adaidaita sahu, ko magana a kan yarinya. Zuciya ta ɗebi mutum na minti ɗaya. In hannunsa wayam ne, za a yi cacar baki, a ci kwalar juna, manya su raba, gobe a gaisa. In akwai ƙarfe a ƙugu, kafin a raba an ɗauki wani ranga-ranga zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, ga shi nan kusa da mu a kan titin Zariya, ɗayan kuma sai dai iyayensa su riƙa ganinsa a kotu. Wuƙar da aka ƙera don ta shiga da zurfi ba ta yin ƙaramin rauni.

Wani zai ce ai kakanninmu da wuƙa suke yawo, kuma gaskiya ne. Mafarauci da ɗan tauri da Buzu mai gadi da wuƙarsa a damtse duk mun tashi mun gan su. Amma kowannensu yana da sana'ar da ta ba shi dalili, yana da babba a kansa da zai tsawata masa, kuma ba a cunkoson unguwa irin ta yau yake ba, inda gida ɗaya ke da yara goma suna shiga kowane ɗaki. Yaro kuwa, in ya ga wuƙa mai kama da ta fim, ba zai bar ta ba. Zai zaro ta ya nuna wa ƙaninsa, gobe ya sa a jakar makaranta don abokai su gani. A addini an hana mu ko nuna ɗan'uwa da makami da sunan wasa, balle a bar shi inda yara za su mayar da shi abin wasa.

Tawa tana cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, makullin yana tare da na mota. Tana fitowa ranar layya, da ranar da za mu gona, a cikin but tare da fartanya da igiya. Kwanakin baya ɗan yayata, wanda ke tashi daga shago a makare, ya zo ya durƙusa ya ce, "Kawu, ka ara mini wuƙar nan mana, hanyarmu ba kyau da dare." Na ce masa a'a, na kuma gaya masa dalili kamar yadda na rubuta a nan. Ransa bai so ba. Washegari na je na sami maigidansa a shagon, muka yi magana, ya yarda yaron ya riƙa tashi kafin isha'i, ran da ciniki ya riƙe su kuma su fito su uku tare, su hau adaidaita ɗaya har bakin layi.