Wane Ne Ya Sayar Da Mutuncinsa?

A cikin finafinan Indiya da jama'armu suka daɗe suna kallo akwai "Pyaasa", wato Mai Ƙishirwa, wanda Guru Dutt ya shirya a 1957. Labarin Vijay ne, wani matalaucin marubucin waƙoƙi a birnin Kalkata, wanda 'yan'uwansa na jini suka sayar da rubuce-rubucensa a matsayin takardun ƙunsa kaya. Wata karuwa mai suna Gulabo ce ta saye su, ta gane darajarsu. Da aka zaci jirgin ƙasa ya take shi, ita ce ta ba da abin da ta tara aka buga littafin. Attajirin da ya wulaƙanta shi ya kwashi riba, 'yan'uwansa kuma suka rantse ba su san shi ba, don kada kuɗi su kuɓuce musu.

Ba mu wanke karuwanci ba, ɓarna ce babu ja. Amma muna tambaya: tsakanin Gulabo da waɗannan masu manyan riguna, wa ya fi sayar da mutuncinsa? Mun saba jifan mace, mu miƙa wa mai biyanta hannu a sahun gaba. Matuƙar ana sakin mata babu ciyarwa, ana danne gadon marayu, to wannan kasuwa ba za ta watse ba. Gyara na gaskiya daga mai saye yake farawa. Allah ya ganar da mu.