Ra'ayinmu: Takardar Shaida Ba Ta Haɗa Waya

A 'yan watannin nan babu taron reshe da za mu tashi ba tare da wani daga cikinmu ya ja mu gefe da tambaya iri ɗaya ba: ɗansa ya gama sakandare ko difloma, an ce masa akwai wata takardar shaidar ƙwarewa kan haɗa hanyoyin sadarwar kwamfuta wadda ke buɗe ƙofar aiki, shin ya ci bashi ya biya masa? Daga Talata Mafara zuwa Bakura da Maradun mun ji wanda ya ɗauki adashi, mun ji wanda ya sayar da ragon da yake kiwo domin layya. Tun da dai gumin malami ne ake shirin zubawa, wajibi ne wannan shafi ya faɗi abin da ya fahimta.

Da farko, sana'ar gaskiya ce, kuma bukatarta ƙaruwa take yi. Duk wanda ya zauna a jihar nan a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa na tsawon makonni saboda matsalar tsaro, ya san yadda ciro albashi da aika kuɗi da jin lafiyar 'yan'uwa suka rataya a kan waɗannan hanyoyi. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta, WAEC kuma ta fara gwada hakan a 2024 da masu zana jarrabawa daga waje. Kowace cibiyar jarrabawa tana bukatar wanda zai haɗa ɗaruruwan kwamfutoci da babbar kwamfuta guda, ya kuma gano inda matsala take idan allo ya tsaya ana tsakiyar amsa tambaya. A watan Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya amsa cewa kuskuren na'ura ya shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da kudu maso gabas, har sai da aka sake musu jarrabawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna nauyin da ke wuyan mai wannan aiki.

Sai dai takardun da ake tallatawa ba ɗaya suke ba, kuma a nan ne ake yi wa iyaye rufa-ido. Akwai takardar halartar kwas, wadda kowace cibiya za ta iya bugawa ta danƙa wa yaro bayan mako uku ko shida. Akwai kuma takardar da kamfanin da ya ƙera na'urorin yake bayarwa da kansa bayan an ci jarrabawarsa, irin CCNA ta kamfanin Cisco, da HCIA ta Huawei. Jarrabawar CCNA, alal misali, awa biyu ake yi ana zana ta a ƙarƙashin kulawar kamfanin Pearson VUE, bayan an duba katin shaidar mai zanawa an ɗauki hotonsa. Kuɗinta dala 300 ne. Idan aka lissafa dala a kan naira 1,500, ya kama naira 450,000, wato fiye da albashin wata shida na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Wanda ya faɗi, kuɗinsa ya tafi. Wanda ya ci kuwa, takardarsa shekara uku take aiki, daga nan sai ya sabunta ta. Duk wanda ya ce zai ba ɗanka wannan takarda a kan naira dubu talatin ba tare da ya zauna wannan jarrabawa ba, wata takarda ce daban yake sayar maka. Araha ba ta ado.

Ita ma takardar ta gaskiya akwai tsutsar da ke cin ta. Ana sayar da tarin tambayoyin da aka sato daga jarrabawar tare da amsoshinsu, yaro ya kwana yana hadda, ya shiga ya ci da maki mai yawa alhali bai taɓa riƙe na'urar ba. Kamfanonin sun haramta wannan, suna iya soke takardar wanda suka kama su kuma hana shi sake zanawa. Mu malamai ba sai an yi mana bayani ba. Mun san yaron da ke rera jadawalin sau daga farko har ƙarshe, amma a tambaye shi bakwai sau takwas shi kaɗai ya tsaya yana kallon rufi. Mun kuma san irin ɓarnar da satar amsa ta yi wa darajar sakamakon sakandare, har ta kai mai gaskiya da marar gaskiya ana yi musu kallo ɗaya.

Wani abokin aikinmu ya ba mu labarin da ya kamata kowane uba ya ji. Ya biya wa ɗansa kuɗin kwas a wata cibiya a birni, yaron ya dawo da takarda mai hatimin zinariya, aka sa mata gilashi aka rataye a falo. Da ya je neman aiki, mai ɗaukar aikin bai ko duba takardar ba. Waya ya miƙa masa da kwamfuta biyu, ya ce ya haɗa su su ga juna. Minti arba'in yaron yana gumi, daga ƙarshe ya ba da haƙuri ya fito. Har yau uban yana biyan bashin. Ba mu ga laifin yaron ba, domin abin da aka koya masa shi ne yadda ake samun takarda.

To, mene ne abin yi? Shawararmu ita ce a sa koyo a gaba, jarrabawa ta biyo baya. Cisco tana da manhajar gwaji mai suna Packet Tracer wadda ake samu kyauta ta hanyar makarantarta ta intanet, inda yaro zai yi ta haɗa hanyoyi yana warwarewa a kan kwamfuta ɗaya. Ya nemi mai wannan sana'a ya bi shi yana riƙe masa tsani da waya, kamar yadda ɗan koyo ke bin makaniki. Kafin uba ya fitar da ko kwabo, ya je cibiyar da ƙafarsa ya yi tambaya uku. Ina na'urorin da ɗalibai ke taɓawa da hannunsu? Kuɗin nan na koyarwa ne, ko har da na jarrabawar kamfanin? Ina lambar takardar malamin da ke koyarwa, domin a duba ta a shafin kamfanin? Takardar gaskiya ana iya tantance ta cikin 'yan mintuna, kuma mai gaskiya ba ya jin haushin a bincike shi.

Kada kuma a raina abin da ke kusa. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a nan Talata Mafara, ga Jami'ar Jihar Zamfara. Hukumar NBTE ta riga ta raba babbar difloma ta kimiyyar kwamfuta gida huɗu, ɗaya daga ciki ta keɓanta ga hanyoyin sadarwa. Akwai kuma shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 domin horar da matasa fasahar zamani ba tare da sun biya kuɗin koyo ba. Takardar kamfani ƙari ce a kan irin wannan tushe, ba ta maye gurbinsa, musamman ga mai neman aikin gwamnati inda difloma ko digiri ke yanke matakin albashi.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu ta NUT a jiha da su zauna da hukumomin waɗannan makarantu, a nemi hanyar da malamai da 'ya'yansu za su riƙa samun horo na aiki da hannu lokacin dogon hutu. Muna kira ga hukumar SUBEB da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumominmu uku da cewa, duk lokacin da za a ɗauki mai kula da kwamfutocin makaranta, a gwada shi a gaban na'ura kafin a duba fayil ɗinsa. Kwamitocinmu na bashi kuma su riƙa yi wa mai neman rance domin irin wannan kwas tambayoyin nan uku, ba don a hana shi ba, sai don a kare shi.

Daga ƙarshe, mu ma mu dubi kanmu. Muna riƙe da NCE, da yawanmu sun zauna jarrabawar hukumar TRCN ta kwamfuta domin samun lasisin koyarwa, amma kowa ya san ɗan aji uku da ya iya karanta wasiƙa shi ne shaidar da iyaye ke yarda da ita. Da wannan mudu ya kamata mu auna takardun 'ya'yanmu. Allah Ya sa albarka a guminmu, Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani.