A Horar Da Masu Jinyar Zukata

A watan Disamba na 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ba a yi kwana goma ba sai aka yi awon gaba da 'yan Islamiyya kimanin 80 na Mahuta ta ƙasar Ɗandume, kafin a kuɓutar da su. Yaran sun koma gida, an yi wa Allah godiya. To, amma wa ya duba abin da ya saura a zukatansu? Yaron da ke firgita cikin barci, da manomin da fargaba ta hana shi komawa gona, duk marasa lafiya ne, ko da babu rauni a jikinsu.

Wannan ciwo yana da magani. Tun a shekarun 1960 wani likita Ba'amurke, Aaron Beck, ya lura cewa mai ciwon damuwa yakan ɗauki mugun tunanin da ke faɗo masa tamkar gaskiya. Daga nan aka samu hanyar jinya ta gyaran tunani da ɗabi'a. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti yakan zauna da majinyaci mako-mako, su auna tunanin nan da hujja, sa'an nan majinyacin ya riƙa tunkarar abin da yake gudu sannu a hankali.

Abin takaici, irin waɗannan masana sun yi ƙaranci a Arewa, kuma manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, irin na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato, sun yi wa talakan Mahuta nisa. Saboda haka ne muke ganin darajar masanin da ya zauna a jami'a yana koyarwa, domin shi ne mai haifar da wasu. A Pakistan an koya wa mata ma'aikatan lafiya na karkara wannan hanya, kuma binciken da aka buga a 2008 ya nuna ta rage ciwon damuwa ga masu jego ƙwarai.

A 2023 aka sanar da sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Amma doka ba ta jinya sai da ma'aikata. Muna kira ga Gwamnatin Jihar Katsina da ta haɗa kai da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Ahmadu Bello, a ɗauki nauyin karatun 'ya'yanmu a wannan fanni, a kuma tura malamansu su horar da ma'aikatan asibitocin Funtuwa da Malumfashi. Allah ya sa hukuma ta ji.