Shaye-shaye: Ana Fasa Kwalabe A Kano, Wa Ke Kula Da Ƙwaƙwalwar Matasan Rano Da Kibiya?

A watan Nuwamban 2020, Hukumar Hisbah ta Jihar Kano ta farfasa kwalaben giya kusan miliyan biyu. Kafin nan, a watan Mayun 2018, Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan binciken da BBC ta yi. Amma yawan kwalaben da aka fasa ba ya nuna irin ɓarnar da ta riga ta auku a kawunan masu sha.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya cikin shekara guda. A Kano, kashi 16 cikin 100 ne na masu shekara 15 zuwa 64. Wannan adadi na jihar ne baki ɗaya, wato har da garuruwan manoma irin su Rano da Kibiya, ba Sabon Gari da unguwannin birni kaɗai ba.

Abin da ya kamata iyaye su fahimta shi ne, ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke yanke shawara yana kuma taka wa son zuciya birki, ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25. Saurayin da ya fara shaye-shaye yana ɗan shekara 18, tamkar ginin laka ne da damina ta riske shi bai bushe ba.

Haka nan, kalmar nan ta "ai ba kullum nake sha ba" ba kariya ba ce. Masana lafiya a Amurka suna ɗaukar shan awo biyar na giya ga namiji, ko huɗu ga mace, cikin kimanin sa'a biyu a matsayin sha mai haɗari, ko da sau ɗaya ne a mako. Irin wannan ɗirka tana hana ƙwaƙwalwa adana abin da ke faruwa, shi ya sa mutum kan wayi gari bai san abin da ya aikata jiya da dare ba.

Wata illar ta fi wannan ɓuya. Lafiyayyar ƙwaƙwalwa tana iya ture mummunan tunani gefe domin mutum ya fuskanci aikinsa. Masu bincike a Jami'ar Minho ta ƙasar Fotugal sun nazarci wannan baiwa a tsakanin ɗalibai masu irin wannan sha, suka ga ƙwaƙwalwarsu tana aiki daban da ta sauran. Ke nan mai sha domin ya manta da damuwa yana taɓa makamin da Allah Ya ba shi na danne ta. Kodin da tiramol ba irin giya suke aiki ba, amma su ma suna dusashe natsuwa. Yawan tiramol kan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, haɗa su da giya kuwa kan tsayar da numfashi.

Asarar ba ta tsaya kan mai sha ba. Ɗan kasuwar da yaron shagonsa ke manta lissafi, da fasinjan direban da hankalinsa ya gushe, duk suna biyan kuɗin.

Tun watan Yulin 2024 aka dawo da Masarautar Rano a matsayin mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure. Ƙanƙantar yankin dama ce: hakimai da dagatai da limamai sun san gidajen jama'arsu. Sai dai asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na Dawanau yana can kan hanyar Katsina, sai an keta birni kafin a isa. Iyalin da nisa da kunya suka haɗu a kansu, sukan ɓoye ɗansu har ciwon ya yi nisa.

Kame da fasa kwalabe aikin Hisbah ne da NDLEA. Abin da ya rage wa gwamnatin jiha shi ne horar da ma'aikatan Babban Asibitin Rano da na ƙananan asibitocin Kibiya su gane matsalar da wuri, a kuma koyar da ita a makarantun sakandare da na Islamiyya. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, likitoci kuma sun faɗi lokacin da yake bushewa.