Kaso ba rumbu ba ne

Kai mai karatu, ka san gidajen kason Nijar sun cika maƙil? Ƴan kaso sai ƙaruwa suke, har sun wuce dubu 10. Kason Yamai, da Turawa suka gina don ƴan ɗaruruwa, ya daɗe da haura dubu.

Abin takaici, fiye da rabinsu ba a yanke musu hukunci ba. A zargi mutum da satar akuya, ya yi damina biyu yana jiran alƙali, gonarsa ta koma saura, ƴaƴansa cikin yunwa. Wannan zalunci ne! Mutum ba hatsi ba ne da za a zuba a rufe.

In naka yana ciki, kada ka yi shiru. Tafi kotu, tambayi ranar shari'arsa. Tun 2011 doka ta tanadi taimakon lauya kyauta ga talaka. Nemi haƙƙinka.